Darasin Turanci: Kalmar "Influence" da 'Yan Rakiyarta

'Yan'uwa, a wannan fitowa kalma ɗaya tak za mu ɗauka, wato influence. Ga abin da ya sa. Kwanakin baya wata ƙungiyar manoma daga wajen Getso ta kawo mana wasiƙa mu duba kafin a kai ta ofis, suna roƙon rijiyar burtsatse. Magatakardansu ya rubuta: "We are sending our village head because he has influence over you." Nufinsa shi ne dagacinsu yana da fada a wurin mai ofishin. Amma abin da ya rubuta shi ne, dagaci yana juya mai ofishin yadda ya ga dama. Wane babba ne zai karanta wannan ya sa hannu a kan takarda? Kalma ɗaya muka canja, over ta koma with, wasiƙa ta gyaru.

Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta kwarara zuwa cikin abu. Turawan da sun ɗauka wani ƙarfi yana kwararowa daga taurari ya shiga jikin mutane, daga nan ma sunan murar nan influenza ya fito. A Hausa mukan ce tasiri, wani lokaci fada, wani lokaci faɗa-a-ji. Turanci ya haɗa su duka a kalma ɗaya, sai ƙaramar kalmar da ta biyo baya ta raba gardama.

Wadda aka fi bukata ita ce on. Kowa ya san idan masara ta tashi a kasuwar Dawanau, ba a daɗewa sai a ji a Gwarzo da Kabo. Sai mu ce: "Dawanau market has a strong influence on the price of maize in Gwarzo." Wannan tasiri ne kawai, babu umarni a ciki. Over kuwa tana da nauyi, tana nuna wani yana bisa wani: "He has great influence over his younger brothers." With ita ce fadan nan namu, wato ana jin maganarka a wurin wanda ya fi ka: "She has influence with the district head."

A yi hankali da under. "Under the influence of his friends" yana nufin abokai ne ke jan sa. Amma idan aka ce "He was under the influence" aka yi shiru, to mutumin ya sha ya bugu ne. Kada ɗalibi ya tsaya a nan alhali yabon malaminsa yake so ya yi.

Yanzu ga inda yawancin yaranmu suke zubar da maki. Idan influence aikatau ce, ba ta son ɗan rakiya ko kaɗan. Muna yawan ganin "The rain influenced on our harvest." Ba laifin yaro ba ne sosai, Hausa ce ta bi shi cikin aji, domin mu mukan ce ruwa ya yi tasiri a kan girbi, sai ya ɗauko "a kan" ya mai da ita on. Daidai shi ne "The rain influenced our harvest," ko kuma "The rain had an influence on our harvest." Duka biyu sun yi. A jarrabawar WAEC da ta NECO ana rage maki a kan irin wannan kuskure cikin insha'i, kuma mun san yaran da suka ci sauran darussa amma Turanci ya hana su shiga jami'a, iyaye suka sake sayar da buhun dawa don biyan kuɗin jarrabawa karo na biyu.

Batun an da the ba shi da tsawo. In ana nufin iko ko fada gaba ɗaya, ba a sa komai: "He has money and influence." In mutum ko abu ne da kansa yake tasirin, sai a sa an, ko a idan sifa mai fara da baƙi ta shiga tsakani: "That boy is a bad influence on my son." The tana zuwa idan an faɗi tasirin wane ne: "the influence of Challawa Dam on dry-season farming," wato madatsar ruwan nan ta Ƙaraye da aka gama a 1992.

Akwai kalmomi makusanta, amma ba tagwaye ba ne. Affect aikatau ce, shafa kai tsaye: fari ya shafi gero, "The drought affected the millet." Effect suna ne, sakamakon da aka gani. Impact ta fi ƙarfi, kamar dukan guduma. Persuade kuwa sai da baki, a rarrashi mutum har ya yarda. A ganinmu influence ta fi dacewa da abin da ke shiga a hankali, kamar yadda halin uwa ke shiga ɗiyarta ba tare da an zauna an koya mata ba.

Wajen furuci, ƙarfin murya yana kan gaɓar farko, IN-fluence, kuma f ɗin Turanci ce, haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, ba "impluence" ba.

Ga aikin gida. A gyara waɗannan, a nuna wa malamin aji: "Fertilizer price influenced on our farming." "My aunt is good influence on me." "The radio has a big influence with young people in Kabo."