Amsar Tambaya: Sunan Kyanwa da na Kare

Tambaya: Malam, yarana sun matsa sai an raɗa wa kyanwarmu da karen gona suna. Ya halatta?

Amsa: Malama, ya halatta, domin ya tabbata cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana da taguwa mai suna Ƙaswa da alfadari mai suna Duldul, kuma malaman tafsiri da yawa sun ambaci karen Ashabul Kahfi da suna Ƙiɗmir, ko da yake Alƙur'ani bai zo da sunan ba.

Dabba ba ta bukatar yanka ko taron suna. Galibi launinta ko ɗabi'arta ke jawo mata laƙabi, shi ya sa baƙin kare yakan zama Duna, kyanwar da ba ta barin gindin murhu kuwa yara su ce mata Sarkin Barci. Abin da nake ƙi shi ne al'adar nan ta habaici, inda mace za ta sa wa kare Ƙyale-su don ta riƙa kwaɗa kira kishiya na ji, domin wannan cutar da Musulmi ce, ko an lulluɓe ta da wasa. Haka nan a nisanci sunayen annabawa da sahabbai da na maƙwabta. Ki zaɓi gajere, wanda dabbar za ta gane da wuri.