Tantance Babbar Manhaja da Furosesa a Jerin Umarnin Gini: Darasi ga Masu Samar da Manhajojin Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta bayyana yadda jerin umarnin gini yake gano na'urar da yake gudana a kanta kafin a harhaɗa manhaja. Ta buga misali da manhajar da aka harhaɗa a Sakkwato domin mutanen Wurno da Rabah da Goronyo, inda ta nuna cewa kuskure a wannan mataki yakan shafi haruffa masu lanƙwasa kai tsaye.

1.0 Gabatarwa

Kwamfuta ba ta fahimtar harsunan shirya manhaja irin su C, sai wata manhaja ta juya rubutun zuwa lambobin umarni na na'ura. Wannan manhaja ita ce a nan za a kira tafinta. Daga cikin fitattunsu akwai GCC, wadda Richard Stallman ya fitar a 1987 a ƙarƙashin shirin GNU. Tafinta ita ma sai an harhaɗa ta, kuma jerin umarnin gini shi ne rubutun da ke tsara matakan wannan aiki. Kafin ya fara komai sai ya amsa tambayoyi biyu: wace babbar manhaja ce ke tafiyar da na'urar, kuma wane irin furosesa ne a cikinta. Babbar manhaja ita ce irin su Linux da Windows da Android. Furosesa kuwa shi ne ɗan guntun da ke aiwatar da lissafi, kuma kowane dangi nasa yana da nasa lambobin umarni.

2.0 Yadda Ake Tambayar Na'ura

A dangin Unix, umarnin uname shi ne matambayi na farko. Idan aka rubuta uname -s, na'urar za ta faɗi sunan zuciyar babbar manhajarta, kamar Linux ko FreeBSD, ko Darwin a kwamfutocin Apple. Idan aka rubuta uname -m, za ta faɗi dangin furosesa, kamar x86_64 ko aarch64.

Amsoshin ba su daidaita ba. Furosesan da Linux ke kira x86_64, FreeBSD na kiran sa amd64. Wanda Linux ke kira aarch64, Apple na kiran sa arm64. Manazarcin Hausa ya san irin wannan, domin “biyat” ta Sakkwatanci da “biyar” ta daidaitacciyar Hausa lamba ɗaya suke nufi. Saboda haka GNU ta tanadi ƙananan rubuce-rubuce biyu. Na farko shi ne config.guess, wanda Per Bothner ya fara rubutawa, mai tattara amsoshin ya fitar da suna guda. Na biyu shi ne config.sub, mai mayar da sunaye mabambanta zuwa siga ɗaya karɓaɓɓiya. Sakamakon yakan zo kamar haka: x86_64-pc-linux-gnu, wato furosesa, da maƙeri, da zuciyar babbar manhaja, da taskar ayyukan C. Manhajar Autoconf, wadda David MacKenzie ya fara a 1991, da wannan suna take aiki.

3.0 Inda Amsa Take Ɓatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma a nan amsar da kanta tana iya karkatar da shi ta hanyoyi uku. Na ɗaya, wayar Android takan amsa da Linux, alhali taskar ayyukanta Bionic ce, wadda ta bambanta da ta GNU. Shi ya sa config.guess yakan rubuta ɗan gajeren shiri ya miƙa wa tafintar da ke kan na'urar domin ya tabbatar da taskar. Na biyu, zuciya mai bit 64 tana iya ɗaukar manhajoji masu bit 32, sai uname ya faɗi aarch64 a inda manhaja mai bit 64 ba za ta tashi ba. Na uku, tun da Apple ya fitar da furosesan M1 a 2020, shirin da ke gudana ta cikin Rosetta 2 yakan ji x86_64 a kan na'urar da asalinta ARM ce.

4.0 Na'urar Gini da Na'urar Amfani

Al'adar GNU ta rarrabe na'urori uku: wadda ake ginin a kanta, da wadda manhajar za ta zauna a kanta, da wadda tafinta za ta samar wa lambobi idan abin da ake ginawa tafinta ce. Ana bayyana su da --build da --host da --target. Abin lura shi ne uname na'ura ta farko kaɗai ya sani.

A ɗauka wani mai bincike a Sakkwato ya shirya ƙaramin ƙamus na kalmomin noman rani domin manoman shinkafa da albasa da tafarnuwa na fadamar Rima, daga madatsar ruwan Goronyo zuwa Wurno, da ɗaliban makarantun Rabah. Kwamfutarsa ta cinya x86_64 ce. Wayoyin da za su karɓi ƙamusun, irin su Tecno da Itel da Infinix, na dangin ARM ne, wasu masu bit 64, wasu masu sauƙin kuɗi kuma Android mai bit 32 ce a kansu. Don haka sai ya gina siga biyu, arm64-v8a da armeabi-v7a. In ya bar jerin umarnin ya dogara da amsar uname, zai samu manhajar da ke tashi a teburinsa kawai.

5.0 Tasiri a kan Haruffa Masu Lanƙwasa

Akwai kuskuren da ya fi wannan ɓoyuwa. A tsarin UTF-8, kowane ɗaya daga ɓ da ɗ da ƙ da ƴ bayit biyu ne. Harafin ƙ, misali, 198 ne da 153. Harshen C bai yanke hukunci ba ko ma'aunin char yana ɗaukar lambobin ƙasa da sifili. A x86_64 yana ɗauka, don haka 198 takan koma -58. A Android mai ARM ba ya ɗauka, tana nan 198. A na'urorin Apple masu ARM kuwa yana ɗauka. Ke nan sanin furosesa kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa da babbar manhaja.

Idan mai ƙamusun ya gina bincikensa a kan cewa duk lambar da ta gaza sifili ɓangaren harafi mai lanƙwasa ce, aikin zai yi daidai a kwamfutarsa. Yana iya ma sa sharaɗin a ƙara tutar -fsigned-char idan uname ya ce ARM. Amma a lokacin ginin uname zai ce x86_64, sharaɗin ba zai cika ba. A wayar manomin Goronyo manhajar za ta buɗe lafiya, ta nemo “baki” da “kafa”, ta kasa nemo “baƙi” da “ƙafa”. Gwajin da aka yi da kalmomin Ingilishi ba zai fallasa wannan ba, domin haruffansu ba su wuce 127 ba.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa amsar uname mafari ce kawai. Ya kamata jerin umarnin gini ya daidaita sunaye da config.sub, ya yanke shawara bisa na'urar amfani da aka bayyana masa, ya kuma tsaya da saƙo bayyananne idan ya tarar da na'urar da bai sani ba. A wajen rubutun Hausa, a yi amfani da unsigned char a fili. Masana Hausa kuma suna da rawar takawa: su tanadar wa masu shirya manhaja jerin kalmomin gwaji masu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, sannan a gwada su a kan irin wayoyin da ke hannun jama'ar Wurno da Rabah da Goronyo kafin a rarraba manhajar.