Paralakhemundi: Nazarin Wani Gari a Kan Iyakar Harsuna Uku

Masu nazarin harshe sun saba da jin cewa iyakar ƙasa daban, iyakar harshe daban. Wannan maƙala za ta dubi wani ƙaramin gari na ƙasar Indiya inda aka yi ƙoƙarin haɗa iyakokin nan biyu su zama ɗaya, domin a ga yadda aka yi, da kuma abin da ya biyo baya. Garin shi ne Paralakhemundi, wanda Turawan Ingila suka riƙa rubutawa Parlakimedi. Yana can kudancin Jihar Odisha, a gabashin Indiya, kuma shi ne hedikwatar gundumar Gajapati. A ƙidayar 2011 mutanensa sun ɗan haura 46,000, watau ke nan a ma'aunin Indiya bai wuce ɗan ƙaramin gari ba.

Yanayin Ƙasa

Garin yana zaune ne a gindin jerin duwatsun da suka bi gabashin Indiya, inda tudu yake ƙarewa fadama take farawa. Daga arewa maso gabas akwai dutsen Mahendragiri mai tsawon kimanin mita 1,500, wanda daga gare shi ne kogin Mahendratanaya yake gangarowa, ya bi ta gefen garin, sa'an nan ya zuba cikin babban kogin Vamsadhara. Damina takan sauka daga watan Yuni zuwa Oktoba, shinkafa kuwa ita ce abincin fadama. A kan tuddai ana samun yazawa da mangwaro da itatuwan daji.

Abin lura shi ne, da mutum ya fita bayan gari ta kudu ya shiga Jihar Andhra Pradesh. Garin Pathapatnam na waccan jiha yana nan kurkusa, har ana yi musu kallon tagwaye. Saboda haka a kasuwar Paralakhemundi kunne yakan ji harsuna uku waɗanda ba su haɗa kaka ba. Akwai Odiya, ɗan dangin Hindi da Bangali; akwai Telugu, ɗan dangin Tamil na kudancin Indiya; sa'an nan akwai Sora, harshen mutanen kan dutse, wanda yake cikin rukunin Munda, danginsa na nesa kuwa suna can Kambodiya da Biyetnam. Da wuya mai nazarin harshe ya sami ɗakin gwaji da ya fi wannan kasuwa.

Sarauta da Zuwan Turawa

Sarakunan garin suna ɗauke da laƙabin Gajapati, ma'ana ubangijin giwaye, laƙabin da manyan sarakunan Odisha na da suka yi amfani da shi. Bayan da yankin gaɓar teku ya faɗa hannun kamfanin cinikin Ingila a wajen 1765, Sarki Jagannath Narayan Deo ya ƙi miƙa wuya, aka gwabza da shi a 1768, aka ci shi. Duk da haka ƙasar ba ta kwanta ba. Tarzoma ta yi ta tashi, musamman a kan duwatsu, har sai da gwamnatin Madras ta aiko da wani jami'i, George Russell, a 1832 domin ya kashe wutar. Daga ƙarshe masarautar ta zama ƙasar babban mai gonaki mai biyan haraji, a cikin gundumar Ganjam, ƙarƙashin lardin Madras.

A nan ne matsalar harshe ta samo tushe. Turawa sun rarraba masu magana da Odiya a larduna uku: wasu a ƙarƙashin Bangal, wasu a lardunan tsakiya, wasu a Madras. A kowane lardi su ne 'yan tsiraru, kuma harshen wasu ne yake da rinjaye a kotu da ofis. A kudu Telugu ne ya yi musu inuwa. Ga shi kuwa Paralakhemundi ba baƙon adabin Odiya ba ne, domin a nan ne aka haifi Gopalakrushna Pattanayaka, mawaƙin ƙarni na 19 wanda har yau ake rera waƙoƙinsa na bege a kiɗan gargajiyar Odisha.

Sarki da Malami

Mutum biyu ne suka tsaya a ɓangarori biyu na wannan gardama, dukkansu kuma a gari ɗaya suke shan ruwa.

Na farko shi ne Sarki Krushna Chandra Gajapati, wanda aka haifa a 1892, ya rasu a 1974. A 1914 ya karɓi baƙuncin taron ƙungiyar Utkal Sammilani a garinsa, ƙungiyar da aka kafa a 1903 domin neman a tattara masu jin Odiya a lardi guda. A 1930 ya halarci taron teburin shawara na farko a Landan, inda ya gabatar da wannan buƙata a gaban gwamnatin Ingila. An amince da kafa lardin, amma da takardar shawarwarin gwamnati ta fito a 1933 sai ga shi an bar Paralakhemundi a waje, saboda yawan masu jin Telugu a ƙasar. Watau an yanka ta tashi: wanda ya yi wa lardi faɗa, gidansa bai shiga ba. Sarki ya koma Landan, ya yarda a raba ƙasarsa gida biyu, muddin garin da wani yanki nasa za su shiga sabon lardi. Haka kuwa aka yi. Ranar 1 ga Afrilu, 1936 aka kafa lardin Orissa, na farko a Indiya da aka shata bisa harshe, kuma a 1937 sarkin ya zama firimiyansa na farko. Ya sake riƙe muƙamin daga 1941 zuwa 1944, a lokacin ne aka kafa Jami'ar Utkal a 1943.

Na biyu shi ne Gidugu Ramamurthy, malamin makaranta, Batelugu, wanda aka haifa a 1863. Ya yi shekaru wajen talatin yana koyarwa a garin. Shi ne ya jagoranci yaƙin cewa a riƙa rubuta Telugu yadda mutane suke magana da shi, a bar tsohon salon littattafai wanda sai malamai suke ganewa. Saboda haka ne ake bikin ranar harshen Telugu kowace 29 ga Agusta, ranar haihuwarsa. Daɗin daɗawa, ya hau duwatsu ya koyi Sora, ya buɗe wa yaransu makarantu, ya wallafa nahawun harshen a 1931 da ƙamusunsa a 1938. Wannan malami ya yi adawa da shigar da garin cikin Orissa, da abin ya tabbata kuwa sai ya tattara ya bar shi, ya rasu a Rajahmundry a 1940.

Ba daidai ba ne a ce ɗayansu ya yi kuskure. Kowannensu yana kare harshen da ya ga ana dannewa, sai dai ƙasa ɗaya suke tsaye a kai, alƙalamin mai shata iyaka kuwa ba ya iya ba mutum biyu gari ɗaya. Su kuwa Sora, waɗanda suka riga kowa zama a duwatsun, ba a kansu aka yi gardamar ba. Abin sha'awa, a wannan shekara ta 1936 ne wani ɗan ƙabilar, Mangei Gomango, ya ƙirƙiro wa harshensu haruffa nasa na kansa, waɗanda ake kira Sorang Sompeng.

Rayuwar Gari

Yawancin abin da garin yake tinƙaho da shi gadon fada ne. Kwalejinsa, wadda yanzu take ɗauke da sunan Krushna Chandra, an kafa ta a 1896, tana cikin mafiya tsufa a jihar. Siririyar hanyar jirgin ƙasa mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wadda ta haɗa garin da Naupada, sarki ne ya gina ta da kuɗinsa, aka buɗe ta a 1900, daga baya aka miƙa ta zuwa Gunupur. An rufe ta a 2004 domin a faɗaɗa ta, aka sake buɗewa bayan 'yan shekaru. Masu sana'ar sassaƙa ƙahon ɓauna, waɗanda suke yin tsuntsaye da mataji da kayan ado, su ma a inuwar fada suka bunƙasa. Kowace damina kuma ana jan manyan kekunan Jagannath a titi, Odiya da Telugu duk hannu a igiya ɗaya.

Mulki dai ya bar fada tuni. Majalisar gari da ake zaɓa ita take kula da ruwa da shara da fitilu, kuma tun ranar 2 ga Oktoba, 1992, da aka cire gundumar Gajapati daga Ganjam, babban jami'in gunduma da kotu da asibiti suna nan cikin gari. Amma gundumar da yake shugabanta ba ta yi kama da shi ba: fiye da rabin mutanenta 'yan ƙabilun kan dutse ne, kuma a ƙidayar 2011 waɗanda suka iya karatu da rubutu a cikinta da kaɗan suka wuce rabi. Lokacin da guguwar Titli ta faɗo a watan Oktoba na 2018, ƙauyukan kan dutse ne suka fi jin jiki, inda zaftarewar ƙasa ta binne mutane.

Kogin ma bai tsira daga rabon 1936 ba, domin yana ratsa jihohin biyu. A 2008 Andhra Pradesh ta aza harsashin wani aikin tara ruwa a ɓangarenta, mutanen Paralakhemundi suka yi zanga-zanga don tsoron ƙishirwa da bushewar gonaki, gwamnatin Odisha kuwa ta mayar da martani da aza harsashin nata madatsun a saman kogin cikin wannan shekara.