Yadda za ki gane auren 'yar'uwarki ya zama haɗari, da abin yi

Duka a gidan aure ba ya faɗowa daga sama, yana da alamu. Fara da lura da mijin. Yana shan tramol ko giya? Ya dawo daga ci-rani a Abijan ko Libiya hannu wayam, kuɗin cefane ya zama abin faɗa kullum? Yana bincika wayarta, ya hana ta zuwa suna da biki, har gidan iyayenta? Wannan kishin da ke raba mace da danginta shi ya fi ba ni tsoro, domin wadda aka killace ba mai jin kukanta. Ki ƙara sa ido idan tana da ciki, ko an aurar da ita tana ƙarama. A Nijar, inji UNICEF, kashi 76 cikin 100 na 'yan mata ana yi musu aure kafin shekara 18.

Sai ki keɓe ta, wajen daka ko hanyar rijiya, ba gaban uwar miji ko kishiya ba. Kada ki ce "me kika yi masa?" Ce mata, "Yaya, na ga kumburin idonki, ina tare da ke." Tambaye ta abu biyu kai tsaye: ya taɓa shaƙe ta? Ya taɓa cewa zai kashe ta? Bincike a Amurka ya nuna macen da miji ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta ya ninka kusan sau 7. In ta ce e, maganar haƙuri ta ƙare.

In akwai rauni, ku je likita a ranar, kamar a Konni, Illela ko Galmi, ku nemi takardar shaidar rauni. Ita jandarmomi da alƙali za su duba.

Yaji kuwa a shirya shi a ɓoye, domin lokacin fita ne miji ya fi zama abin tsoro. Ta ajiye katin shaidarta, takardun haihuwar yara da kuɗin mota a wurinki. Ku sanar da waliyyinta, kuma in an zo biko, kada a mayar da ita sai an zauna gaban mai gari ko liman an gindaya sharuɗɗa da shaidu. In abin ya ɓaci da dare, lambar 'yan sanda a Nijar 17 ce.