Yarona yana gajiya a hanyar gona

Tambaya: Kullum ni ke kai wa maigida abinci gona, da nisa kuwa. Ga goyo a bayana, ga ɗan shekara 4 da ke zubewa a hanya yana kuka. Yaya zan yi? Wata uwa daga Damri, Ƙaramar Hukumar Bakura.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Kada ki ce shagwaɓa ce, takunki ɗaya nasa biyu ne. Ki ba shi koko ko fura kafin ku fita, ku kama hanya da hantsi tun rana ba ta take ba, da gorar ruwa a hannu. Ki sa masa takalmi saboda ƙarangiya da zafin rairayi. Ki yanka masa tafiyar zango-zango: "Mu kai gindin tsamiyar can mu huta." Idan kun isa, ku huta ɗin da gaske. Ranar da amalanken maƙwabta ya nufi can, a ɗora shi. Wata rana kuma ki bar shi wurin kakarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne gajiyar kanta. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa, ki duba tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ko yana haki, ko yana kukan ciwon ƙashi, wataƙila ƙarancin jini ne daga zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki ko sikila. Ki gaya wa maigida ku kai shi asibiti mafi kusa, ko Babban Asibitin Talata Mafara, a auna jininsa. Da damina kuma kada maganin rigakafin zazzaɓi da ake raba wa 'yan ƙasa da shekara 5 wata-wata ya wuce shi.