Maruƙan Betel da Dan

Karatu: 1 Sarakuna 12:25-33

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, a duk wannan karatu ba mu ji Yerobowam ya ce wa Isra'ila su rabu da Ubangiji ba. Shi ya sa mutane da yawa suka bi shi ba su farga ba.

Allah ya riga ya yi masa alkawari ta bakin annabi Ahija: kabila goma, da gida mai ɗorewa in ya yi biyayya. Amma da ya hau gadon sarauta sai tsoro ya kama shi. Ya ga in jama'a suka ci gaba da zuwa Urushalima yin hadaya, zuciyarsu za ta koma ga Rehobowam, shi kuma a kashe shi. Sai ya ƙera maruƙa biyu na zinariya, ɗaya a Betel a kudu, ɗaya a Dan a arewa, ya ce wa mutane tafiyar Urushalima ta yi musu yawa.

Duba wayon. Betel ne inda Yakubu ya yi mafarki ya ga mala'iku, wuri mai tarihi. Siffar bijimi kuwa Kan'aniyawa sun saba danganta ta da allolinsu, El da Ba'al. Ya naɗa firistoci da ba Lawiyawa ba, ya sa idi a wata na takwas mai kama da na Yahuza. Akwai bagade, akwai hadaya. Mai wucewa zai rantse Ubangiji ake bauta wa.

Gidan da ya so ya kare bai daɗe ba. Ba'asha ya kashe ɗansa Nadab a shekara ta biyu ta mulkinsa, ya hallaka zuriyar duka.

Mu ma tsoro ne ƙofar. Yaro yana ta rashin lafiya, kasuwa ta tsaya, sai wani ya ce a ci gaba da addu'a amma a "haɗa da taimako". Ranar Lahadi ana ɗaga hannu a ikilisiya, alhali laya tana ƙugu, ƙullin boka yana ƙarƙashin katifa. Har man shafewa, in ka dogara gare shi fiye da Yesu, ya zama maraƙinka. In kana da irin wannan, kada ka kwana da shi yau. Ka je wurin fasto ku yi addu'a, a ƙone layar.

Addu'a: Uba, ka nuna mini abin da na ajiye kusa da kai saboda tsoro, ka ba ni ƙarfin fitar da shi, cikin sunan Yesu. Amin.