Naman Kaza: Kama da Wane ba Wane ba ne

A hutun damina da ya wuce na je gida Unguwar Hajji. Wata rana da safe bayan an kwana ana ruwa, sai ƙanena ya tsinto naman kaza a makiyaya, ya gasa ya ci. Kafin azahar ya fara amai da gudawa, har sai da aka kai shi asibiti. Allah ya ba shi lafiya, amma tun daga ranar na ƙudura zan san wannan abu.

Malaminmu na kimiyya ya ce naman kaza ba tsiro ba ne kamar gero, domin ba ya haɗa abincinsa da hasken rana. Dangin fumfuna ne da yis, yana rayuwa a kan ruɓaɓɓen itace da ganye da kashin shanu. Ainihin jikinsa zare-zare ne a cikin ƙasa, laimar da muke gani kuwa ita ke watsa irinsa. Shi ya sa ya fi yawa a Yuli da Agusta, a wurare masu danshi kamar bakin Kogin Challawa.

Kakata ta ce wanda suka saba ci shi ne mai fitowa a kan suri, mai doguwar jijiya da ke shiga har cikin gidan gara. Masana na kiransa Termitomyces.

In za ka duba, tono shi duka, kada ka tsinke. Dubi gindinsa ko yana cikin wani ɗan ƙoƙo, da wuyansa ko yana da zobe. Waɗannan biyu tare da farin ƙarƙashin laima alamu ne na dangin Amanita, waɗanda wasunsu ke lalata hanta, alhali ciwon ba ya bayyana sai bayan awa 6 ko fiye. Sa'an nan kifa laimar a kan farar takarda ta kwana. Na kifa irin wanda ƙanena ya ci, da safe na tarar da garin kore-kore, alamar dafi.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, dahuwa ba ta kashe dafin masu kisa, kuma ganin ƙwaro ya ci ba hujja ba ce. Wanda ba ku sani ba sarai, ku bar shi. In yaro ya riga ya ci, a gaggauta kai shi asibiti tare da ragowar abin, ko da bai fara ciwo ba. Rigakafi ya fi magani.